Idon Mikiya da Cukun Akuya

Ranar Litinin aka liƙa takardar a allon sanarwa. Babban direban ofis, wanda ya raɗa wa kansa suna Idon Mikiya tun yana saurayi, ya tsaya a gabanta, hannuwa a baya, yana gyaɗa kai kamar mai neman kuskuren rubutu. Ya daɗe a haka. Sai da mai shara ta zo wucewa ya ce, "Zo ki karanta, in ji ko karatunki ya ƙaru."

Ta jingine tsintsiya ta karanta. Nan da wata biyu likitar ido za ta zo ofis ta gwada duk direbobi. Wanda idonsa bai kai ba zai ajiye makullin mota.

"Haka na gani ni ma," in ji Mikiya. "Kin yi ƙoƙari."

Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, shekara uku ke nan yana ganin duniya kamar ta gilashin motar da ruwa ya doka ba a goge ba. Shugabar ofis yake tuƙawa, kuma da ka yake tuƙa ta. Ya haddace hanyar gidanta da ta ofis, rami-rami, kwana-kwana. In wani sabon abu ya ɓullo a titi, yakan gane daga yadda Shugaba ke jan numfashi a kujerar baya, sai ya taka birki. Ita kuwa ta ɗauka natsuwa ce ta hana shi gudu.

Maganin a fili yake, amma Mikiya ya toshe wa kansa wannan hanyar da bakinsa. Shekara ashirin yana yi wa masu tabarau ba'a. Direba na biyu a ofis, wani mai shiru-shiru mai sa tabarau, bai taɓa jin sunansa daga bakin Mikiya ba, sai dai Ido Huɗu. Ya sha faɗa a gaban jama'a cewa duk ranar da aka gan shi da gilashi a fuska, a karɓe lasisinsa a yi fifita da shi.

Ranar Laraba ya kai Shugaba taron bita kan abinci mai gina jiki. Direbobi a waje suke jira. Ya jingina da bango ƙarƙashin tagar ɗakin taron, sai ya ji wata mai lacca tana bayanin cukun akuya: yana gina jiki, yana ƙarfafa ƙashi da haƙori, wasu ma ya fi na saniya kwanta musu a ciki, sannan akwai bitamin a cikinsa da ido ke buƙata. Ba ta gama ba, amma Mikiya ya gama. Ya riga ya isa ƙofa yana roƙon mai raba takardu ta ba shi guda.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa, malamar firamare, ta baje littattafan ɗalibai a tebur tana dubawa, tabarau a kan hanci.

"Malama, yau na gano abin da likitoci ke ɓoye wa mutane."

"Sannu da zuwa tukuna."

"Cukun akuya. Mutum ya ci wata guda, zai ƙirga gashin ƙafar ƙuda daga nan zuwa bakin titi."

"To kai da kake Idon Mikiya, me za ka yi da shi?"

"Ƙari. Mota ma tana lafiya ake kai ta sabis."

Ta ajiye biro. "Baban yara, jiya fa tulun gas ɗin ƙofar kicin ka gaisar. Har ka tambaye shi mutanen gida."

"Na ɗauka ƙanwarki ce. Tsayinsu ɗaya, kuma ita ma ba ta cika amsa gaisuwa ba."

"Mu je asibiti ranar Asabar a auna ka, a ba ka tabarau. Awa ɗaya ne, shi ke nan."

"Ni? In koma irinku?"

Ta miƙa hannu ya ba ta takardar ta karanta masa yadda ake yi. Ya linke ta ya cusa a aljihu. Rubutu, in ji shi, na masu koyo ne. Hotuna huɗu ne a jiki kuma manya ne, ya gan su sarai da ya kawo takardar dab da hancinsa: akuya, tukunya a kan wuta, ƙunshi a ƙarƙashin abu mai nauyi, sai fararen dunƙule a jere a wani ɗaki mai duhu da sanyi.

Bango ɗaya ne tsakanin gidansu da garejin wani bakanike, kuma a ƙofar garejin akwai benci inda mazan layin ke zama da yamma. Nan Mikiya ya kai shelarsa. Ya ce ranar gwaji ba layin ƙarshe na allon haruffa kaɗai zai karanta ba, har sunan kamfanin da ya buga allon zai faɗa musu. Ya gayyaci kowa. Ya ce daga nan masu sayar da tabarau su nemi wata sana'a.

"Oga Mikiya," in ji Bakanike yana goge hannu da tsumma, "ka taɓa tatsar akuya?"

"Na tuƙa tirela a kan gadar katako. Akuya ce za ta gagare ni?"

Ranar Asabar ya dawo daga kasuwa da akuya da 'ya'yanta biyu a but ɗin motar ofis, wadda a gidansa take kwana. Washegari ya fito da kujera 'yar tsuguno da bokitin da zai ɗauki wankan mutum biyu. Ya tarar 'yan akuya sun riga shi. Suna lasar baki, hantsar uwarsu ta koma kamar safar hannu da aka cire.

Bakanike ya leƙo ta kan bango da kofin shayi. "Layi ake bi, Oga. Su tun asuba suka kama."

Rana ta biyu ya kulle 'yan a banɗaki. Uwar ta yi kuka daga turke, 'yan suka amsa daga banɗaki, banɗakin kuma ya ƙara musu murya kamar lasifika. Matar gidan baya ta zo da jaririnta a kafaɗa, ta tsaya a ƙofa, ta juyo da yaron don Mikiya ya ji nasa kukan shi ma. Ya ce mata ta yi haƙuri, aikin kimiyya ake yi. Ya zauna ya laluba, ya kama abin da ya ɗauka hantsa ce, ashe gwiwa ce. Akuya ta nuna masa kuskurensa da kofato. Da ya dace da wurin, nonon ya bi hannun rigarsa har gwiwar hannu, don bokitin ba a inda yake tsammani yake ba. Bayan awa guda ya shiga kicin yana ɗingishi, ya juye abin da ya samu a kofi. Bai kai rabi ba.

"Ko shayi ba zai yi wa fari ba," in ji Malama.

"Inji ɗaya ne ya yi kaɗan."

Ya ƙaro akuya biyu. Cikin kwana uku suka gama da shukar Malama da ke tukwane, suka cinye igiyar shanya, suka ɗanɗana kujerar babur ɗin wani baƙo. Ranar Alhamis babbar ta miƙe da ƙafa biyu ta zare takardar bitar daga aljihun rigarsa da ke rataye, ta tauna ta a nitse tana kallonsa.

"To, littafin naka ya tafi," in ji Malama.

"Ina ya tafi? Ilimin yana cikinta yanzu. Ta nono zai fito."

Malama ta kulle tukwanenta da ƙyallayenta a kabad ta rataya makullin a wuya, don haka Mikiya ya koma ga kayan da ya sani. Ya tara nonon kwana huɗu a galan ɗin man inji da ya ce ya wanke sau biyu. Ya dafa a wani tsohon kwano, ya matsa lemun tsami, ya tsaya yana jira ya tsinke. Minti biyu ya ga kamar shekara. Ya zagaya gareji.

"Ba ni ruwan batir kaɗan."

"Batir ɗinka lafiya lau yake, ni na duba shi."

"Ba na mota ba ne. Lemun tsami ba shi da ƙarfi."

Bakanike ya ɗauki kwalbar ya sa a akwatin ƙarfe, ya zauna a kai. "Cuku za ka yi ko gawa?"

Kafin ya dawo nonon ya tsinke da kansa, Mikiya ya ce lissafinsa ne ya yi daidai. Ya tace da tsumman goge mota, ya ƙulle. Saura hoto na uku, ƙunshi a ƙarƙashin abu mai nauyi. Abin da ya fi komai nauyi a gidan yana tsaye a ƙofa. Ya ɗaga motar da jak, ya sa ƙunshin tsakanin katako biyu a ƙarƙashin tayar baya. 'Yan benci suka taso suka yi da'ira. Ya yi musu bayani cewa sauran masu cuku da dutse suke dannewa, shi ya sa nasu ba ya kai ga jijiyar ido. Sannan ya saki jak ɗin gaba ɗaya.

Ƙunshin ya fashe ta gefe. Rabi ya tafi bangon gareji, rabi ya sauka a gaban rigar wani tsohon ma'aikacin banki da ya fito da guga mai kaifi zai je gaisuwar surukai. Tsohon ya dubi rigarsa, ya dubi Mikiya.

"Ka ci sa'a, Baba," in ji Mikiya. "Ta fata ma yana shiga."

"Mu gode wa Allah da ba ginin gida ka ji laccarsa ba," in ji tsohon, ya koma ciki ya canza riga.

A karo na uku ya koyi sauke jak a hankali, ya sami dunƙule uku masu faɗin tafin hannu. Ya kai su firij. Kwana ɗaya suka yi, ruwan sha da tumatir da man shanu duk suka ɗauki ƙamshi iri ɗaya. Malama ta fito da su ta ajiye masa a kan takalminsa.

"Firij ɗina na abincin masu rai ne."

"Ba komai. Ina da ɗaki mai duhu da sanyi da ya fi wannan."

Ya buɗe but, ya ɗaga tayar safaya, ya jera dunƙulen a ramin da ke ƙarƙashinta, ya mayar da taya a kai. Duhu dai akwai. Sanyi kuma, ya ce, motar Shugaba ce, na'urar sanyinta ta fi ta asibiti.

"Sanyin ba ya zuwa but," in ji Bakanike. "Kuma a rana kake ajiye motar nan tun safe har yamma."

"Kai ƙarfe ka sani. Ka bar mana abinci."

Daga nan kowace safiya sai ya ɗaga taya ya yanko yanki, ya sa a burodi, ya zauna a benci ya ci a bainar jama'a. Yakan rufe ido yana tauna, ya ce ɗacin shi ne bitamin ɗin. Ya yi wa kowa tayi, kowa ya ce ya karya a gida. Bayan ya haɗiye sai ya ba da rahoton ci gaba.

"Kun ga allon can na tsallaken titi? Shagon ɗinki, ana koyar da ɗalibai, a tuntuɓi mai shago a ciki. Ko ɗigo ban bari ba."

Tsohon ma'aikacin banki ya gyara murya.

"Tun bara telan nan ya tashi. Wurin aski ne yanzu, an sake fenti."

Mikiya bai ko ƙifta ba. "To kun gani. Na ƙarƙashin fentin nake karantawa. Abin ya fara wuce yadda nake so, sai na rage yanka."

Bai rage ba. Cikinsa ne ya fara nasa rahoton. A mako na biyu, tsakanin gidan Shugaba da ofis, tafiyar minti ashirin, yakan tsaya sau biyu a gidan mai ya ce zai duba iskar taya, ya ɓace ta bayan gini, ya dawo yana gumi. Shugaba ta ce ba ta taɓa ganin direba mai kula da taya irinsa ba. Ya ce horo ne na da.

A mako na uku warin ya ƙetare kujerar baya.

"Direba, wani abu ya mutu a motar nan?"

"Salansa ce, ranki ya daɗe. Man da suke sayarwa yanzu ba shi da kyau."

"Ka kai ta a duba yau. Ina son jin abin da makanike ya ce."

Ya kai ta wurin Bakanike, wanda ya tsaya daga nesa ya ƙi matsowa.

"In ta kira ka, ka ce fanbel ne."

"Fanbel ƙara yake yi, Oga, ba ya wari."

"Ita ta san haka? Saura kwana tara. Ka rufa min asiri, in na yi suna kai ne makaniken kamfanina."

Bakanike ya ce wa Shugaba fanbel ne, da murya irin ta mai ba da shaidar da zai yi nadama. Mikiya ya rataya turaren mota guda shida a madubi. Sai warin ya zama biyu, kowanne yana cin gashin kansa. Wasu baƙi da aka aike shi ya ɗauko daga tasha suka ce ya sauke su a hanya, suna son su ga gari da ƙafa. A wurin ajiye motoci na ofis, kuliyoyi uku suka tare a ƙarƙashin but ɗin, mai gadi ya dawo da kujerarsa can ƙarshen katanga. Ido Huɗu ya daina ajiye tasa motar a kusa.

Shugaba ta koma shiga mota da hankici a toshe da hanci da baki, fuskarta a taga. Nan ne lissafin Mikiya ya rushe, don numfashin da yake tuƙi da shi ya ɓace a cikin hankici. Ranar Talata, a kwanar da ya sani kamar ɗakin kwanansa, wani mai gini ya sa an juye tifar yashi. Mikiya ya shiga cikinta a nitse, da gudun da bai fi na keke ba, har motar ta tsaya da hancinta a binne.

"Wa ya zuba yashi a nan?" in ji shi.

Shugaba ta cire hankici. "Tun daga wancan shagon nake ganinsa."

"Ni ma na gan shi, ranki ya daɗe. Birkin nake gwadawa."

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. "Ranar Juma'a kai za a fara gwadawa."

Da safiyar Juma'a Malama ta same shi a bayan mota yana naɗe dunƙule mafi tsufa a jarida, wanda bai taɓa yanka ba, ya ajiye shi musamman don ranar. Ta tsaya ta inda iska ba ta biyowa.

"Baban yara, ka saurare ni sau ɗaya. Yara uku ke makaranta da makullin nan na aljihunka. Ka shiga ka ce wa likita idonka ya yi rauni, ta rubuta maka tabarau, a wuce wurin. Ka bar wannan abin a gida."

"Yau za ki ba ni haƙuri a gaban mutane. Ki shirya kalmominki."

"To bari in ɗauko mayafina. Ba zan so a ba ni labari ba."

Ɗakin taron ofis ya cika. Ma'aikata sun zo don an ce babban direba zai yi jawabi, 'yan benci sun zo don an gayyace su, Bakanike ya zauna kusa da ƙofa. Shugaba na gaba. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta rataya farar rigarta a jikin ƙarfen fanka saboda zafi, tana jera gilasai a akwati. Mikiya ya shigo da ƙunshinsa a kan faranti, ya nufi fankar, ya rusuna.

"Barka da zuwa, likita. An zo lafiya?"

"Lafiya lau," in ji likita daga ɗaya gefen ɗakin. "Ga ni nan."

Ya juya ba tare da ya nuna komai ba, ya ajiye faranti a tebur, ya yi jawabi. Ya ce wata guda ke nan yana gudanar da bincike a kan kansa. Ya ce abin da likitoci suka yi shekara bakwai suna nema a makaranta, shi ya same shi a hantsar akuya. Ya ce bai zo don ya kashe wa kowa kasuwa ba, amma gaskiya ba ta da aboki.

Likita ta bari ya gama. "Cukun akuya abinci ne mai kyau, in an yi shi da tsafta. Yana gina jiki, yana taimakon ƙashi, bitamin ɗin ma akwai. Amma ba ya gyara idon da gilashi yake nema, ko garke guda ka tatse. Zauna nan. Rufe idon hagu. Karanta min layin sama."

"A rataya allon tukuna."

"Yana rataye."

Mikiya ya ƙanƙance ido har goshinsa ya tattare. Harafin sama ya kai girman tafin hannu.

"Takwas."

"Haruffa ne duka, babu lamba."

"To an rubuta shi kamar takwas. Laifin mai bugawa ne."

"Layi na biyu fa?"

"Wannan fitilar tana kashe min ido. Idon da ya yi ƙarfi ba ya son haske da yawa."

Likita ba ta yi gardama ba. Ta ɗauko wani firam na ƙarfe mai nauyi, irin wanda ake zura gilasai a cire, ta ɗora masa a hanci kafin ya buɗe baki. Ta zura gilashi, ta cire, ta zura wani, ta ƙara wani a kai. Mikiya ya dubi allon. Sannan ya fara karantawa, layi bayan layi, muryarsa na ƙara tashi, har ƙananan na ƙasa. Ya miƙe tsaye.

"Kun gani? Yanzu ya kama. Dama an ce kwana talatin cif."

Likita ta zare gilasan. "Ci gaba."

Shiru.

Ta mayar. Ya karanta. Ta zare. Shiru. Sau uku ta yi haka, a nitse, kamar mai kunna fitila tana kashewa. A na ukun wani daga baya ya kasa riƙe dariyarsa, sauran suka bi.

Da ta mayar da gilasan ta bar su a ciki, Ido Huɗu ya matso ya duba firam ɗin da kyau. "Barka da shigowa, yaya. Ni nawa huɗu ne. Naka na ga kamar shida."

Mikiya ya juya zai ba shi amsa, sai ya tsaya. Ɗakin ya cika da fuskoki, kowacce da hancinta da haƙoranta, kuma duk haƙoran a waje suke. Ya ga matarsa a layi na biyu, ya ƙura mata ido.

"Malama, yaushe kika yi furfura?"

"Cikin watan nan."

Aka sake fashewa. Mikiya ya ɗaga hannu. Ya ce gilashi bai yi komai ba sai da ya tarar da ido a shirye, kuma cuku ne ya shirya shi. Ya ce wanda ke musu ya zo ya ga abin da idonsa. Ya jawo faranti, ya kwance jaridar da kansa, ya sunkuya.

Wata guda yana cin abin nan bai taɓa ganinsa ba. A zuciyarsa fari ne tas kamar na hoto. Wanda ke gabansa kore ne ta gefe, baƙi ta tsakiya, da gashin akuya, da zaren tsumma, da zanen tayar safaya kwance a samansa. Ya ƙara matsowa. Wani ɓangare na gefen yana tafiya a hankali zuwa bakin faranti.

Mutanen layin gaba suka koma layin baya. Shugaba kaɗai ba ta motsa ba. Ta ɗaga hanci, ta shaƙa sau ɗaya.

"Na san wannan warin. A ina kake ajiye shi?"

Mikiya yana kallon faranti.

"Ranki ya daɗe," in ji Bakanike daga bakin ƙofa, "ba fanbel ba ne."

Shugaba ta juya ga likita. "Tun yaushe idonsa yake haka?"

"Wannan ba na bana ba ne. Ya yi shekara biyu, ko uku."

Shugaba ta nemi kujera ta zauna. "Shekara uku. Da 'ya'yana a motar, da mahaifiyata. Da me kake tuƙa mu?"

Ko a nan bakinsa bai iya yin shiru ba. "Da ƙwarewa, ranki ya daɗe. Da kuma numfashinki. In kin ja, in taka birki. Ba kowane direba zai iya ba."

"In an yi masa tabarau zai iya tuƙi," in ji likita. "Idon ba shi da wata cuta."

"Ido kin gyara, likita, na gode. Sauran ba aikinki ba ne." Shugaba ta miƙe. "Daga Litinin kana wurin wankin motoci. Ka fara da tawa, ka fara da but. Wanda kake kira Ido Huɗu shi zai riƙa ɗauko ni. Ka koyi sunansa, a ƙarƙashinsa kake."

Ta miƙa hannu. Mikiya ya ga hannun sarai, da zoben, da layukan tafin. Ya ciro makullin ya sa a tsakiyarsa daidai. Ya ga Ido Huɗu ya karɓa. Ya ga Malama ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi, ita kaɗai ba ta dariya. Ya koma kujera ya zauna.

"Likita," in ji shi a hankali, "cire min abin nan. Na ga abin da ya ishe ni."